Haƙuri Da Ciwon Da Ya Zo Zama

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya je dubiya, abin da zai fara tambaya shi ne, "Yaya jiki?" Amsar kuwa guda ɗaya ce tak, ko da majinyacin ba ya iya ɗaga kai: "Da sauƙi." Daga nan sai mai dubiya ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne, ya ajiye lemo ko 'yan kuɗin koko, ya yi sallama. Wannan gaisuwa tamu kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai an gina ta bisa zaton cewa ciwo baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, hantsi na yi zai gushe. A tunaninmu hanya biyu ce a gaban marar lafiya: ko dai ya warke a zo yi masa barka, ko kuwa ya cika a zo yi wa iyalinsa ta'aziyya.

To, amma akwai hanya ta uku, kuma miliyoyin mutane ne a kanta. Su ne masu ciwon suga, da hawan jini, da sikila, da asma, da farfaɗiya, da ciwon ƙoda, da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Suna zuwa gona da kasuwa da ofis, suna aure suna haihuwa, ciwon yana tare da su kamar inuwa. Idan muka gamu da ɗayansu muka rasa ta cewa, sai mu jefa masa kalmar da muka gada: "Sai haƙuri."

Wannan kalma ta haƙuri ita wannan 'yar muƙala take son dubawa. Me take nufi ga mutumin da likita ya gaya masa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa? Shin naɗe hannu ne a zuba wa sarautar Allah ido, ko kuwa wani aiki ne da ake tashi da shi kowace safiya? Sa'an nan kuma, majinyaci kaɗai ake bin bashin wannan haƙuri, ko mu da muke kewaye da shi akwai namu kason?

Yadda Ciwo Ya Koyi Zama

Ya kamata mu fara da sanin cewa zama da irin waɗannan cututtuka shekara da shekaru sabon abu ne a tarihin ɗan Adam. Kafin 1921, yaron da ciwon suga ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya. Likitoci ba su da wata dabara illa su rage masa abinci har ya rame ya koma ƙashi da fata. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, suka tato insulin, wato sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen shigar da sukari daga jini zuwa inda ake buƙatarsa. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, mai suna Leonard Thompson, allurar. Ya rayu shekara 13 bayan haka, kuma duk tsawon waɗannan shekaru bai rabu da allura ba.

Haka labarin hawan jini yake. A 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu yana kan mulki, bayan jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ya daɗe yana fama da hawan jini, amma duk ƙarfin ƙasarsa ba a iya samo masa ƙwayar da za ta sauko da shi ba, domin sai a ƙarshen shekarun 1950 aka samu irin waɗannan ƙwayoyi masu sauƙin sha. Yau abin da shugaban Amurka ya rasa yana nan a kemis ɗin ƙauye. Cutar ƙanjamau ma, wadda a da jin sunanta daidai yake da jin hukuncin kisa, ta sauya fuska daga 1996, lokacin da aka fara haɗa magunguna uku a ba mutum. Mai shan su a kan ƙa'ida yana iya tsufa ya ga jikokinsa.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan misalai babu inda aka kashe ciwon. Ciniki aka yi da shi. Ilimin likitanci ya karɓo wa majinyaci shekaru masu yawa, ciwon kuma ya gindaya sharaɗi ɗaya: za a riƙa biyansa haraji kowace rana. Ranar da aka daina biya, sai ya zo karɓar bashinsa da kansa. Kakanninmu ba su san irin wannan yarjejeniya ba, shi ya sa ba su bar mana gaisuwar da ta dace da ita ba.

Neman Ruwan Bagaja

A gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta samar da littattafan zube na farko-farko a Hausar boko, Abubakar Imam ya shigar da Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki. Ya sha wuya, ya samo ruwan, majinyaci ya miƙe. Wannan labari ya zauna mana a rai domin ya yi daidai da burin kowane mai ciwo: a sha abu sau ɗaya a huta.

Wannan buri shi ne jarin masu tallar magani da lasifika a tasha da kasuwa, da 'yan'uwansu da suka koma gidajen rediyo da wayar hannu. Likita yana cewa za ka riƙa sha har iya rayuwarka, mai lasifika yana cewa kwalba uku kacal ka rabu da shi. Ya ɗan'uwa mai karatu, wace magana zuciyar da ta gaji za ta fi so ta ji? Kada mu ɗauka talaka marar ilimi kaɗai ake rinjaya ta wannan hanya. A watan Janairu na 2007, Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya yi shelar cewa yana warkar da ƙanjamau da wani haɗin ganyayyaki. Aka sa majinyata suka ajiye magungunansu na asibiti suka koma shan nasa. Bayan faɗuwarsa, hukumar da aka kafa don binciken ta'asar mulkinsa ta tabbatar da cewa mutane da dama sun rasa rayukansu ta wannan hanya.

Hawan jini ya fi kowane ciwo sauƙin yaudara, domin a mafi yawan lokuta ba ya yi wa mai shi zafi. Mutum zai sha ƙwaya wata biyu, a auna shi a ga ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, ya ce alhamdu lillahi ya warke, ya jefar da kwalin. Alhali kuwa ƙwayar ce take riƙe da jinin kamar yadda madatsa ke riƙe da ruwa. Da ya daina, sai jinin ya koma yana dukan jijiyoyi da zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Wata safiya a ji ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce ai iska ce ta shafe shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa manyan mutane kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai ya shawo kansa.

Wannan magana ba raini ba ce ga itatuwan da Allah Ya hore mana. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa harhaɗa maganin rage tashin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai, cikinsu har da masoro da kanumfari. Bambancin shi ne an auna shi, an gwada shi, kuma masu shi ba su ce yana sauya jinin da aka haifi mutum da shi ba. Laifin mai lasifika shi ne yana sayar da alkawarin da ya san ba zai cika ba, ga mutumin da tsoro ya riga ya karya masa zuciya.

Haƙuri Iri Biyu

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mun saba jin wannan karin magana har mun daina kallon abin da ke cikinta. Mai dafa dutse ba zaune yake ba. Yana nemo itace, yana iza wuta, yana ƙara ruwa in ya ƙone, yana korar awaki daga murhu, kuma yana yin haka yau, ya yi gobe, maƙwabta na yi masa dariya. Akwai kuma wani haƙurin, na dutsen da ke cikin tukunya, wanda ko a dafa ko a bari duk ɗaya ne a wurinsa. Dukansu muna kiran su da suna ɗaya, amma na farkon ne kaɗai ya cancanci yabo.

Mu dubi yinin mai ciwon suga. Zai rage malmalar tuwon da ya saba ci tun yana yaro. Zai je ɗaurin aure a miƙo masa lemon kwalba mai sanyi ya ce ya gode. Zai duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ciwon yakan kashe jin ƙafa, ƙaya ta soke shi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Idan mai allura ne kuma babu wutar lantarki, zai nemi tukunyar ƙasa mai sanyi ya adana insulin ɗinsa kada zafi ya lalata shi. Mai hawan jini zai roƙi uwargida ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, tun da abin da masana suka yarje wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Mai wankin ƙoda zai kwanta jikin na'ura awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, yana kallon jininsa na fita yana dawowa. Mai sikila zai yi ta shan ruwa ko ba ya jin ƙishi, ya rufe jikinsa da hunturu, ya kwana cikin gidan sauro, domin ƙwayoyin jininsa kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, alhali na mai lafiya sukan kai kwana 120.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da za a yi wa mutum kirari a kansa. Jarumin da ya shiga gobara ya ceto yaro sau ɗaya ya yi, gari ya ɗauka. Wanda ya haɗiyi ƙwaya sau dubu goma ba tare da fashi ba, babu mai sanin ya yi wani abu, domin ladan aikinsa shi ne kada komai ya faru. A ganinmu wannan shi ne haƙuri mafi wuya, haƙurin da ba shi da 'yan kallo kuma ba shi da ranar gamawa.

Wani zai ce, ina tawakkali? Ai kwana in ya ƙare babu ƙwayar da za ta ƙara shi. Gaskiya ne, amma babu wanda aka nuna masa ranarsa, kuma mai wannan magana ba ya barin cin abinci don rai na hannun Allah. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna kafin ya dogara ga Allah. Annabi Ayuba ma, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, wannan kuka kuwa bai rage masa daraja ba. Da sauƙi ya zo, sai da aka sa shi ya buga ƙafarsa a ƙasa kafin ruwa ya ɓuɓɓugo. Haka nan a sha'anin azumi, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ba a sa ran zai iya ramawa. Da yawa daga masu ciwon suga suna iya azumi bisa shawarar likita, wasu kuwa azumin haɗari ne a gare su. Wanda aka hana shi ya ƙi ji, don kada a gan shi yana ci a yi masa kallon rago, ya binciki zuciyarsa: tsoron Allah ne ya hana shi karɓar rangwamen, ko tsoron bakin mutane?

Haƙurin Mai Aljihu Da Na Marar Shi

Akwai wata suka da za a iya yi wa abin da muka faɗa, kuma suka ce mai nauyi. Za a ce, Malam, wannan wa'azi naka na mai albashi ne. Ina amfanin gaya wa ɗan dako ya ci ganye da kifi ya rage garin kwaki, alhali garin kwakin ne kaɗai abin da aljihunsa ya kai? Yaya za a ce bazawara mai 'ya'ya biyar ta gaza haƙuri don ta raba ƙwayarta biyu ta kai ƙarshen wata?

Wannan suka gaskiya ce, kuma duk mai son yin magana a kan haƙuri dole ya tsaya a gabanta. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma gwamnatin ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A 2022 an sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma mafi yawan 'yan ƙasa suna wajenta. Da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin insulin da abin shaƙar masu asma ya yi tashin gwauron zabo. Ciwon kwana uku yakan ci abin da aka tara, ciwon da ya zo zama kuwa yana cin gona, ya ci shanu, ya ci kuɗin makarantar yara.

Abin baƙin ciki ma shi ne, wani ruwan Bagajan na gaskiya ya samu, amma ya fi ƙarfin masu buƙatarsa. Dashen ɓargo yana iya raba mai sikila da ciwonsa. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da wata hanya ta gyara ƙwayar halitta don wannan ciwo, wadda kuɗinta a Amurka ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, wato Nijeriya, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara, sai dai ta ji labari.

Saboda haka kalmar haƙuri tana da haɗari idan ta fito daga bakin da bai dace ba. Idan shugaban da ke hawa jirgi zuwa Landan ko Alƙahira don awon jini ya ce wa talaka ya yi haƙuri, ya mai da kalmar takunkumi. Haƙuri da abin da Allah Ya ƙaddara ibada ne. Yin shiru a kan abin da mutane suka sace ko suka yi sakaci da shi wani abu ne daban, kuma bai kamata a bar su su fake da juna ba. Ana tambayar mutum gwargwadon abin da yake iyawa ne. Wanda ya daina magani don babu, alhakinsa yana wuyan waɗanda suke da shi.

Kason Masu Lafiya

A makon farko na ciwo gida yakan cika da masu dubiya har a rasa wurin ajiye takalmi. A wata na uku sai ƙafa ta ɗauke. A shekara ta uku kuwa sai a fara jin ƙananan maganganu: "Shi kullum ba lafiya." "Ita dai ta cika raki." Zumuncinmu ya ƙware a gudun gajeren zango, wato suna da biki da rasuwa. Ciwon da ya zo zama yana neman zumunci mai dogon numfashi, kuma a nan ne ake gane na ƙwarai.

Nauyin kuwa yawanci a kan mace ɗaya yake sauka, ko uwa, ko mata, ko babbar 'ya. Ita ce mai kwana a kan tabarma a barandar asibiti, ita ce mai girki kashi biyu, ita ce mai juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye kada bayansa ya yi gyambo. Kowa ya shigo majinyaci yake tambaya, ba mai cewa ita yaya nata jikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun bar hannu ɗaya yana ɗauke da ita shekara goma muna yaba masa daga nesa. Da dangi za su raba kwanaki, su kuma yi asusun magani na wata-wata kamar yadda suke adashin biki, da wannan ya fi kwandon lemo goma.

Sai kuma maganar tsangwama, wadda ke tilasta wa mutane ɓoye ciwonsu. Har yanzu akwai masu gudun mai farfaɗiya in ya faɗi, wai yawunsa na harbi, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta kowace hanya. Abin da yake buƙata shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Mu da muke aikin koyarwa mun san ɗalibin da yakan ɓace mako biyu a kowane zango, ya dawo idanunsa sun yi ɗorawa, wani malamin ya tarbe shi da bulala don bai san ciwon ƙashi ne ya kwantar da shi ba. Iyayensa sun ƙi faɗa ne don kada a ce ɗansu ba mai daɗewa ba ne.

Sikila ba la'ana ba ce, ba kuma aikin maƙiya ba ne. Tun 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna cewa mai jinin AS yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa wannan jini ya yawaita a ƙasashenmu har kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Abin da ya tsare kakanninmu shi ne yake ba jikokinsu wuya idan ya haɗu ta wajen uwa da uba, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, kuma rigakafi ya fi magani. Sai dai mu kula da bakinmu wajen yaɗa wannan kira. Yaron da aka riga aka haifa yana sauraro. Idan kullum abin da yake ji shi ne da an yi gwaji da ba a same shi ba, wane irin haƙuri muke tsammanin zai yi da ransa? Ciwon muke yaƙi da shi, mai ciwon kuwa ɗanmu ne, kuma da kulawa ta gari masu sikila suna zama likitoci da alƙalai da iyaye.

Kira Ga Marubuta

Mu 'yan'uwa marubuta muna da hannu a yadda jama'a ke kallon ciwo. A yawancin littattafanmu na soyayya, ciwo bawan marubuci ne, ana kiran sa ya warware ƙulli ya koma. Yarinya ta ƙi zaɓin iyaye, sai hawan jinin uba ya tashi ya faɗi, ta amince, ya miƙe garau. An raba masoya, sai ciwon zuciya ya kama budurwa, likita ya ce in ba a ba ta wanda take so ba za a rasa ta, a ɗaura aure, ciwo ya ɓace. Mai karatu da ya sha irin wannan sau ɗari zai ɗauka hawan jini ɓacin rai ne kawai, da zarar hankali ya kwanta an gama da shi.

Ina labarin direban da ke ɓoye allurarsa a aljihun mota don kada maigida ya sallame shi? Ina labarin amaryar da ke tunanin daren da za ta gaya wa ango abin da take haɗiya kullum da asuba? Ina na kishiyoyi biyu da jinyar miji ta mai da su aminai, ko na ɗan da ya ajiye karatu don ya riƙa kai mahaifiyarsa wankin ƙoda? A cikin waɗannan akwai tsoro, da soyayya, da cin amana, da ban dariya ma, fiye da abin da muke nema a gidajen attajirai. Sharaɗin kawai shi ne marubuci ya tambayi nas da likita da masu ciwon kansu kafin ya ɗauki alƙalami, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sa'an nan ya daure ya bar tauraronsa ya kai shafin ƙarshe da ciwonsa, yana raye, yana da mutuncinsa.

Kammalawa

Mun ga cewa ilimin zamani ya buɗe hanya ta uku tsakanin warkewa da mutuwa, kuma tafiya a kanta tana neman haƙuri irin na mai iza wuta. Mun ga cewa wannan haƙuri ba ya saɓa wa tawakkali, kuma ba daidai ba ne a ɗora shi duka a kan majinyaci, dangi da hukuma su zame. Lafiya uwar jiki ce, amma wanda ya rasa wani sashe nata bai zama maraya a cikin mutane ba, sai in mu ne muka mai da shi. Kuma duk wanda Allah Ya ja kwanansa, da wuya ya tsufa ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan baƙi ya sauka a gidansa ba. Yadda muka riƙe masu ciwo a yau, haka 'ya'yanmu suke koyon yadda za su riƙe mu.

Idan mun je dubiya nan gaba, bayan "Yaya jiki?" mu ƙara da tambaya biyu: "Akwai sauran magani?" da kuma "Wa ke taya ki kwana?" Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu dace, amin.